Wa Allunan Barunde Ke Yi Wa Magana?

Wanda ya je Japan ya dawo, in ka karɓi wayarsa ka duba hotuna, za ka ga dutsen Fuji da jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya, amma abin da zai fi yawa alluna ne: na tashar jirgi, na ƙofar banɗaki, na kwandon shara, na bakin titi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutanen ƙasar suna cakuɗa rubutu iri uku a jimla guda. Biyu daga ciki kowanne yana da baƙaƙe 46, na ukun kuwa, wanda suka aro daga Sin, hukuma ta ware guda 2,136 a matsayin na karatun yau da kullum. Farfesan da ya taso daga Zariya, da zarar ya sauka a filin jirgin Narita, ya koma ɗan aji ɗaya. Duk da haka sai ya hau jirgi ya sauka inda ya nufa, ya sami banɗaki, ya gane ƙofar da zai bi in gobara ta tashi. Abin da ke sa shi ɗaukar hoto ke nan: ya kasa karanta rubutunsu, kuma bai ɓata ba.

A Barunde, wata unguwa a gefen garin Gombe, akasin haka ke faruwa. Baƙo zai shigo, yana jin Hausa, yana jin Fulatanci, wataƙila ma ya yi boko, ga alluna ko'ina a gabansa, amma ba ɗaya da zai kai shi inda za shi. Sai ya tsaya wurin mai shayi.

Ba ƙarancin rubutu ke damun mu ba. Bi titin baifas ka kutsa cikin unguwa, ka karanta duk abin da idonka ya faɗa a kai, za ka ji muryoyi uku. Ta farko Turanci ce, ita ce mai manyan haruffa da fenti mai ƙyalli. Makarantar kuɗi mai aji huɗu tana kiran kanta "International Academy", jerin shaguna shida "Plaza" ne, kemis da gidan biredi da shagon ɗinki kowa da sunansa na Turanci da "Nig. Ltd" a wutsiya. Ta biyu Larabci ce: Bismilla a saman ƙofa, Masha Allah a bayan Keke Napep, sunan Islamiyya da na masallaci. Ta uku ita ce Hausa, kuma yawanci ba a kan allo take ba. A jikin bango take, da gawayi ko ragowar fenti, hannu na rawa: "Ba shiga." "An hana fitsari a nan." "Kada a zuba shara, in an kama ka tara." "Ba bashi." Wani ma har da Allah ya isa.

Wato in za mu yi taƙama sai mu yi da Turanci, in za mu nemi albarka mu yi da Larabci, in za mu yi tsawa sai mu tuna da Hausa. Mai bangon ya san sarai wane harshe mutanen layin ke ji, shi ya sa ranar da yake son a gane shi ba tare da kuskure ba bai yi wasa da Turanci ba. Mai makarantar ma ya sani. Allonsa ba don ya shiryar da kowa ya kafa shi ba, don ya nuna matsayi ne, kuma ba na ganin laifinsa, kasuwa yake nema. Fulatanci kuwa, harshen gidan Buba Yero da ya kafa masarautar Gombe tun 1804, da ƙyar ka gan shi a rubuce sai a sunan shago ko sunan ɗalibi a bayan littafi. Tangale da Tera da Waja da Bolanci ba a ma maganarsu.

Wanda nake ganin laifinsa shi ne allon hukuma. Dubi allon kwangila da ake kafawa a bakin kowane aiki: sunan ma'aikata, sunan ɗan kwangila, sunan mai sa ido, duk da Turanci. Ba ranar gamawa da harshen da matar da ke tsallake ramin da tulu a ka za ta gane, ba kibiyar da ke nuna ta ina za a zagaya. Rijiyar burtsatse ta ɗan majalisa tana da allo mai hotonsa wanda ya kusa kai girman tankin, amma ba a rubuta wa za a kira in famfon ya lalace ba. Irin wannan allo sama yake kallo. An yi shi ne don mai ba da kuɗi da mai duba aiki da mai ɗaukar hoto ranar buɗewa.

Haka lambar gida. Ana cewa gidajenmu ba su da lamba, alhali an sha lambata su. Masu ƙidayar 2006 sun yi rubutu a bango. Masu rigakafin shan-inna sun shekara da shekaru suna zana alamominsu da alli a jikin ƙofofi, alamomin da ke gaya wa mai bin sawu yara nawa aka ɗiga wa da waɗanda ba a samu ba. Kamfanin wuta yana da tasa lambar, masu tsara birni suna da jan fentinsu. Duk wanda ke son ya ƙirga mu ko ya karɓi kuɗi a hannunmu ya san yadda zai gane gidanmu. Wanda ya zo gaisuwar mutuwa daga Bajoga ne kawai ba a yi wa tanadi ba.

To wane ne baƙo a Gombe? Nan ne nake ganin ake yin kuskure in an ji labarin Japan. Sai a ɗauka maganar masu yawon buɗe ido ce, a ce ai mu Turawa ba sa zuwa mana. Garin Gombe kansa garin baƙi ne tun asali. Sai a 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta nan Doma, inda garin yake a yau, bayan zaman Gombe Abba da na Nafada. Auduga da gyaɗa suka jawo mutane, jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960 ya ƙaro wasu. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke jiha daga Bauchi, ma'aikata suka kwaso iyalansu suka taho. Aka buɗe jami'ar jiha a 2004. Rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga Borno da Yobe da arewacin Adamawa, da yawansu sun zauna ke nan. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar Gombe ba su kai 300,000 ba, kuma ƙasarta 'yar mitsitsiya ce, don haka garin ya tumbatsa ya malala cikin ƙasar Akko da maƙwabta. Unguwannin gefe irin su Barunde da Tumfure a wannan malalar suka cika. Layin da bara gona ne, bana gidaje ne, mutanen cikinsa ma ba su gama sanin juna ba.

Baƙonmu shi ne dattijon da ya kawo matarsa asibiti daga wani ƙauyen Dukku. Ita ce yarinyar Kaltungo da ta zo rajista a jami'a, da mai yi wa ƙasa hidima daga Enugu, da Bafulatanin da ya sayar da sa a kasuwar Tike yana neman ofishin katin ɗan ƙasa. Kowannensu a gaban allunanmu yana cikin halin da farfesan nan ya shiga a Narita, sai dai shi an yi tunaninsa kafin ya iso.

Tunanin nan kuwa ba halitta ba ce ta mutanen Japan, koyonsa suka yi, yawanci bayan sun sha wuya. Da za su karɓi wasannin Olamfik a Tokyo a 1964, sun san dubban mutane za su zo da harsuna barkatai, kuma ba yadda za a yi a rubuta kowane allo da kowane harshe. Sai wani masanin zane, Katsumi Masaru, ya tara matasan masu zane suka fitar da alamomi 20 na wasanni da 39 na wuraren bukata: banɗaki, wurin cin abinci, tarho, wurin shan magani. Suka kuma yafe haƙƙin mallakar zanen don kowa ya ɗauka. Ɗan mutumin nan da 'yar matar nan da kake gani a ƙofar banɗakin filin jirgi ko na banki, daga wannan zuriya suka yaɗu.

Koren allon nan na hanyar fita, mai mutum yana gudu ta ƙofa, gobara ce ta haife shi. A watan Mayun 1972 wuta ta tashi a ginin kantin Sennichi a Osaka, mutum 118 suka mutu. Shekara ta zagayo, wata ta tashi a kantin Taiyo a Kumamoto ta ci fiye da 100. Aka lura cewa cikin hayaƙi da firgici ba mai tsayawa karanta baƙaƙe masu ƙafafu da yawa. Aka sa gasar zane, Ota Yukio da abokan aikinsa suka gyara wanda ya yi nasara, ƙasar ta fara amfani da shi a 1982, hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta karɓe shi a 1987. Tubalan nan masu ƙuraje da ake shimfiɗawa a gefen titi don makaho ya ji hanya da ƙafa ko da sanda, wani mutum mai suna Miyake Seiichi ne ya ƙirƙiro su da kuɗin aljihunsa, aka fara shimfiɗa su a Okayama a watan Maris 1967 kusa da makarantar makafi. A 2004 jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo suka ba kowane layi harafi da launi, kowace tasha lamba. Ba sai ka iya furta Asakusa ba, ka riƙe G19 a layi mai ruwan lemo, ka yi ta ƙirga har ka iso.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo bayan girgizar ƙasar Kobe ta 17 ga Janairu 1995, wadda ta kashe fiye da mutum 6,400. An gano cewa baƙi mazauna garin da yawa ba su fahimci sanarwar ina za a sami ruwa da mafaka ba. Abu mafi sauƙi shi ne a ce a fassara komai zuwa Turanci. Amma da yawan baƙin ba Turawa ba ne, 'yan Koriya ne da Sin da Biyetnam da Barazil, kuma ɗan Japanancin da suka tsinta a wurin aiki ya fi musu Turanci. Sai masana, a gaba-gabansu Sato Kazuyuki na Jami'ar Hirosaki, suka tsara wani sassauƙan Japananci: gajerun jimloli, kalmomin da yaro ya sani, ba kwana-kwana. Yau ƙananan hukumomi da yawa da shi suke sanarwar gaggawa. Sun tambayi kansu wane harshe mutumin da ke tsaye a gaban allon yake ji, ba wane harshe ne ya fi kwarjini ba. A Gombe amsar wannan tambaya ba ta bukatar bincike. Batangale da Bawaje da Babarbare da Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, in sun haɗu a kasuwar Tudun Hatsi da Hausa suke ciniki.

Kada wani ya ce mutanenmu ba su saba da karanta zane ba. Mun fi kowa. Tun Jamhuriya ta Farko jam'iyyar NPC na da fartanya, NEPU na da tauraro. A ta biyu NPN ta zo da gida da masara, PRP da mabuɗi. A 1993 doki ne da mikiya, yau lema ce da tsintsiya. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana shiga rumfar zaɓe ta dangwala inda take so ba kuskure. 'Yan kasuwa ma sun daɗe da ganewa: magi mai tauraro, sabulu mai agwagwa, batir mai kan damisa, taba mai zobe. A kan titi kuwa muna da namu alamomin da ba hukumar da ta koyar. Ɗanyen ganye a zube a kwalta, mota ta lalace a gaba. Taya a tsaye bakin hanya, mai faci. Galan a kan benci, ɗan bumburutu. Jan ƙyalle a wutsiyar rodi, yi nesa. Direban Gombe da na Maradi duk sun san waɗannan. Ashe in ana son ƙuri'ar mutum ko kuɗinsa an san yadda za a yi masa magana ba tare da boko ba. Sai ya shiga asibiti ne ake manna masa "Phlebotomy" a ƙofa.

Asibiti shi ne inda abin ya fi ciwo, kuma kusan duk manyan asibitocinmu haka suke. Mai jinya yana riƙe da takarda, an ce ya je ya biya kuɗi, ya kai jini gwaji, ya dawo da sakamako, ya karɓo magani. Wurare huɗu, gine-gine huɗu, kowanne da suna na Turancin likitoci wanda ko mai digiri a fannin tarihi sai ya tambaya. Yana tafe yana tare duk mai farar riga, ana nuna masa da baki. Ma'aikatan jinya suna ɓata lokacinsu a kwatance, su gaji, su fara faɗa, a ce ba su da tausayi. Da an ja layin fenti a ƙasa, ja zuwa ɗakin gwaji, kore zuwa wurin magani, shuɗi zuwa wurin biya, kowace ƙofa da ƙatuwar lamba da zane da Hausa a ƙasansa, da rabin hayaniyar ta kwanta. Alhazanmu shaida ne. Wanda bai iya Larabci ba, a Harami lambar ƙofa yake riƙewa: ta Sarki Abdul'aziz 1, ta Sarki Fahad 79. Tsoho daga Nafada da aka gaya wa lambar sau ɗaya ba ya mantawa har ya dawo gida.

Akwai mai cewa, kuma maganarsa tana da nauyi: matambayi ba ya ɓata. Mu mutanen baki ne. Kwatance a wurinmu gaisuwa ce, hira ce, wani lokaci har a haɗa ka da yaro ya raka ka ƙofar gidan. Me ya sa za mu musanya wannan da ƙarfe mai sanyi? Abin mamaki, Japan ɗin ma tana goyon bayansa ta wani gefe. Yawancin titunan Tokyo ba su da suna. Adireshi a can unguwa ce, sai lambar yanki, sai ta rukunin gidaje, sai ta gida, kuma a tsofaffin wurare lambobin ba sa bin jeri. Ɗan gari ma yana ɓata. Shi ya sa suke da ƙananan ofisoshin 'yan sanda na unguwa fiye da 6,000, waɗanda babban aikinsu na yini har da yi wa mutane kwatance, da taswirar unguwa a bakin tasha. Mai shayinmu da ɗan acaɓa aikin nan suke yi, ba albashi.

Na yarda da wannan har zuwa wani wuri. Kwatancen Barunde yana aiki da rana, ga namiji, mai jin Hausa, wanda ba ya sauri. "Ka wuce taransifoma, ka bar masallacin Izala a hannun dama, layi na biyu bayan mai cajin waya, gida mai baƙin get." Sai ka tarar taransifoma biyu ne, mai cajin ya tashi, get ɗin an sake masa fenti. Mace baƙuwa ba kowace ce za ta tunkari majalisar maza tana tambaya ba. Ƙarfe biyun dare, mai naƙuda a gida, ba mai shayi, ba yaro. Motar kashe gobara ba ta da lokacin sallama da gaisuwa. Kuma tun bama-baman da suka tashi a tashoshin mota da kasuwar Gombe a 2014 da 2015, ga kuma satar mutane da ta biyo baya a ƙasar, tambayar gidan wani ta daina zama abu mai sauƙi. Mutum ya san gidan sarai, ya dube ka sama da ƙasa ya ce bai sani ba. Ba na zarginsa. Amma al'adar da muke taƙama da ita ta dogara ne da yarda, yardar kuwa ta ragu, garin kuma ya ninka.

Maganin da hukumomi suka fi so shi ne raɗa wa tituna suna, domin akwai biki a ciki, akwai kuma wanda za a faranta wa. Sai a ɗauki sunan wani babba mai kalma huɗu da laƙabi biyu a liƙa wa layi, ba mai Keken da zai taɓa furta shi. Gombe da kanta ta nuna irin sunan da ke kamawa. Titin Bauchi, titin Biu, titin Dukku, titin Ashaka: kowanne yana gaya maka inda zai kai ka. Mil Uku da Mil Shida awon hanya ne ya zama sunan wuri, har ƙasar ta koma kilomita tun shekarun 1970 sunan bai motsa ba. Unguwar BCGA sunan kamfanin audugar Turawa take ɗauke da shi har gobe. Jama'a suna riƙe alamar da ta yi musu aiki. In za a sa wa layukan Barunde alama, a fara da sunan da mutane suka riga suka sa, a ƙara lamba, a bar manya su nemi wani abin tunawa da su.

Sai batun ajami, wanda na san yana ta da jijiyar wuya. A 2007 Babban Banki ya cire shi daga naira 5 da 10 da 20 da 50 ya sa Hausa da Ibo da Yarbanci da boko, a 2014 aka cire shi daga sabuwar naira 100, ya rage a 200 da 500 da 1,000. An yi ta gardama kamar maganar addini ce. Ni a wurina maganar mai karatu ce. Akwai dubban dattawa da almajirai da matan aure a garin nan da ake rubutawa a takarda cewa ba su iya karatu ba, alhali suna karanta duk abin da aka rubuta da baƙaƙen allo. Gombe kuma jiha ce mai Musulmi da Kirista, wanda ya taso a Billiri ya koyi Hausar boko a coci da makaranta. Allon asibiti ko na tasha yana da faɗin da zai ɗauki duka biyun, da Turanci a ƙasa don ɗan hidimar ƙasa. Allunan tashoshin jirgin Tokyo suna ɗauke da Japananci da Turanci da Sinanci da Koriyanci, ba wanda ya ce an sayar da ƙasa.

Ba kuma komai na Japan ne abin koyi ba. Su kansu suna kukan yawan gargaɗi: kada ka gudu, kada ka jingina, kula da ƙofa, kula da tazara, a rubuce da kuma ta lasifika, har ido da kunne su daina ɗauka. Da baƙi suka yi musu yawa, kusan miliyan 37 a 2024, su ma sun koma harshen tsawa. A unguwar Gion ta Kyoto an kafa allunan hana baƙi shiga lungunan mutane da barazanar tara. A garin Fujikawaguchiko, a watan Mayun 2024, hukuma ta kafa baƙin labule mai tsawon mita 20 don kawai ta tare wa masu ɗaukar hoto ganin dutsen Fuji daga gaban wani shago. "Ba shiga" ɗinmu yana da 'yan'uwa a can. Bambancin shi ne su sun fara da nuna hanya kafin su zo ga hani.

Akwai allo guda da nake ganin Gombe ta fi bukata fiye da na asibiti ma, kuma ba na jin an taɓa kafa shi. Garin a kwari yake zaune. Ruwa yana gangarowa daga tudun Akko ta yamma ya ratsa unguwanni, ƙasar kuma yashi ce mai saurin zaizaya. Wanda ya ga ambaliyar Agustan 2004 bai manta ba. An kashe kuɗi masu yawa, da tallafin Bankin Duniya, wajen ɗaure kwarin da ya bi ta jami'ar jiha zuwa Malam Inna da kuma na kwalejin FCE, aikin kuma ya ceci gidaje. Amma ƙananan kwaruruka suna nan a unguwannin gefe, kuma kowace damina sai an ji yaro ko mai babur ya shiga ruwan da ya ɗauka iya gwiwa ne. Ɗan unguwa ya san inda ruwa ke kaiwa. Wanda ya sayi fili da rani bai sani ba, mai sayarwa kuma ba zai faɗa ba.

A wani ƙauye mai suna Aneyoshi a gaɓar arewa maso gabashin Japan, igiyar teku ta share mutane a 1896, ta sake sharewa a 1933. Waɗanda suka rage suka kafa dutse a kan gangare, suka sassaƙa gargaɗi cewa kada zuriyarsu ta yi gini ƙasa da wurin. A watan Maris 2011 igiyar ta dawo, ta hau gangaren, ta tsaya ƙasa da dutsen, gidajen ƙauyen na sama ba abin da ya taɓa su. Bayan wannan shekara garuruwan gaɓar teku da yawa suka liƙa wa turakun wuta ƙananan alluna masu nuna tsayin wurin daga teku da kibiyar inda za a gudu.

Namu ba ya bukatar dutse, bai ma kamata ya zama ƙarfe ba, don 'yan gwangwan ba za su bar shi ya kwana ba. Fenti ya isa. A jikin kowace kwalbati da bangon da ke bakin kwari a ja jan layi daidai inda ruwa ya taɓa kaiwa, a rubuta shekarar. A mashigar da yara ke tsallakawa zuwa makaranta a zana ma'auni mai launi uku, yadda uwa za ta ce wa ɗanta in ruwa ya taɓa ja ka dawo gida. Masu zanen da ke rubuta "Academy" da "Plaza" suna nan a kowane layi, gwanaye ne, aikin yini guda ne a wurinsu. Dattawan da suka san inda ruwan 2004 ya tsaya suna da rai, kuma mai unguwa da kwamitin masallaci da na coci sun isa su tara kuɗin galan biyu na fenti ba tare da an jira kasafin kuɗin jiha ba. Inda za a sha fama shi ne da masu filaye a bakin kwarin, domin jan layin zai karya musu farashi, kuma su ne za su riga kowa isa zauren mai unguwa.